Wa Za Ka Gaya Wa?

Daren Talatar makon jiya, bayan an idar da Isha'i, muna zaune a teburin mai shayin bakin layinmu sai ga ɗan ƙanwata da takardu a hannu, shafi 11 cif, bugun kwamfuta. Yana shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, inda yake karatun wasanni da kiwon lafiya, shi ya sa kwamitin gasar ƙwallon unguwa ya ɗora masa yin jawabi ranar wasan ƙarshe a kan ƙwayoyin ƙara kuzari. Ya rusuna ya gaida manya, sannan ya ce, "Kawu, so nake in karanta muku ku ji, in da gyara ku gyara mini."

Muka ce bismillah. Ya gyara murya ya fara. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, an kafa ta a 1999, hedikwatarta tana Montreal a Kanada. Lance Armstrong, Ba'amurke, ya ci babban tseren keke na Faransa sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, aka ƙwace duka a 2012. Duk gaskiya ne, babu kuskure ko ɗaya. Amma bai kai ƙarshen shafi na biyu ba mai shayi ya dire kofin da yake sheƙa shayi da shi, ya ce, "Ɗalibi, dakata. Wai wa za ka gaya wa wannan?"

Yaron ya ce, "Jama'a mana."

Mai shayi ya ce, "Wace jama'ar? Ni shekara da shekaru ina kai teburina bakin filin nan ranar wasan ƙarshe. Abin da nake gani shi ne yara, da 'yan ƙwallo, da iyayensu, da masu kuɗin da suka saya musu jesi. Wanne daga ciki ya san wannan mai keken?"

Wani malamin firamare da muke zama tare ya ce ai wannan tambayar ita ce darasin farko a duk inda ake koyar da magana a gaban taro. Kafin ka ɗora biro a takarda, sai ka san shekarun masu saurarenka, da abin da suka riga suka sani, da abin da suka yarda da shi, da abin da za su iya aikatawa in ka sauka. Mai shayi bai shiga wannan ajin ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan hira ta juyo kanmu mu 'yan unguwa, har ƙarfe 11 ana yi.

Mu dai ga yadda muke a filin nan. In an ce ƙarfe 4, sai wajen ƙarfe 5 muke cika. Yara ne farkon zuwa, su zube a ƙasa bakin layin da aka ja da toka. Dattawa suna kan fararen kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, mai unguwa a tsakiya, liman a damansa, wanda ya sayi kofin gasar a hagunsa. Matasa kuwa ba sa zama. Can baya suke, kowa a kan babur ɗinsa, wasu a kan katangar makaranta. Ƙwallo muka zo kallo, ba jawabi ba, kuma kowa ya san da ladan ya kira Magariba fili zai watse, ko wane ne ke riƙe da makirufo. Lokacin da ake ba mai jawabi shi ne hutun rabin lokaci, minti 10 in an karrama shi, kuma gaisuwa za ta ci nata rabo. Ba a tsallake ta. Ka manta da mai unguwa, ko ka ambaci mai kuɗi kafin liman, to maganarka ta mutu tun ba ta fita ba, don abin da za a kwana ana tattaunawa ke nan. Muna kuma da wata ɗabi'a da ke ruɗin baƙo: muna gyaɗa kai muna cewa "haka ne" ko da ba mu yarda ba, saboda girmama mai magana. Wanda ya san mu ba ya duban masu gyaɗa kai. Can baya yake zuba ido, in masu babura suka fara tayar da inji ya san an bar shi shi kaɗai.

Sai batun sunan abin. Yaron ya rubuta "maganin ƙarfi" a wurare da dama. Wani tela a cikinmu ya ce maza ya goge, domin a bakinmu maganin ƙarfi na ɗakin aure ne. Yana faɗa matasa za su kwashe da dariya, dattawa su sunkuyar da kai. In kuma ya ce "miyagun ƙwayoyi", ɗan ƙwallo zai ce ba da shi ake ba, da 'yan sholishon bayan kasuwa ake. A nan gizo yake saƙa. Yaron da ke haɗiyar taramol kafin wasa bai ɗauki kansa ɗan ƙwaya ba. Cewa yake yi, "Maganin gajiya na sha," ko "Ɗan caji na yi." A wurinsa ɗan ƙwaya shi ne mai tangaɗi a titi yana dalalar da yawu, shi kuwa minti 90 yake yi yana gudu ana tafa masa. In ba ka kira abin da sunan da mai shi yake kiransa ba, zai zauna a gabanka yana tausaya wa wani. Don haka muka ce ya faɗi sunayen ɓaro-ɓaro: taramol, kodin, gadagin da ake gauraya wa abin da mai sha bai sani ba, da allurar gina tsoka ta 'yan ɗaga ƙarfe.

Harkar Armstrong daban ce. Allurar EPO da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini don jiki ya ɗauki iska da yawa, da ɗibar jinin mutum a ajiye a firji a mayar masa lokacin tsere, wannan aikin masu likitoci da miliyoyin daloli ne. Namu yana cikin aljihu, da canjin shayi ake sayensa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi irin su taramol suke sha ba da umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton bincike na BBC. Taramol ɗin da NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, amma wanda jami'an NDLEA ke kamawa kwantena-kwantena mai 225 ne, wani har 250. Mai kemis ɗin da ke cikinmu ya taƙaice wa yaron abin da zai faɗa. Ya ce taramol ba ya ƙara ƙarfi, zafi yake kashewa. Ciwo kuwa ɗan aike ne, shi ke gaya maka jijiyar gwiwa ta fara tsinkewa. Ka toshe bakin ɗan aike ka ci gaba da gudu, abin da ɗan hutu zai warkar sai ya zama ɗingishi na har abada. In ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi, kuma in jiki ya saba da shi ba ya saki cikin sauƙi.

Yaron ya ce to zai buga takardar tambayoyi ya raba wa 'yan wasa, don ya san mutum nawa ke sha. Gaba ɗaya muka ce kada ya soma. Mu in muka ga takarda da biro, ɗayan biyu muke tunani: ko rabon tallafi ne, ko kuwa ɗan leƙen asirin hukuma ne. Kowa zai rubuta "ban taɓa ba", ya koma ya gargaɗi abokansa. Da ɗan gari akan ci gari. Muka ce ya yi sammako ya je wurin atisaye, ya taya su ɗaukar jarkar ruwa, da dare ya zauna a gidan kallon ƙwallo. Kada ya ce wa kowa "kana sha?" Ya ce, "Wai me yaran wancan kulob ɗin suke sha ne ba sa gajiya?" Ba ma faɗin namu, amma na maƙwabci muna da labarinsa daki-daki, kuma wanda ya iya gaya maka launin ƙwaya da kuɗinta da lungun da ake sayarwa, ka san ba a rediyo ya ji ba.

Kwana uku ya yi yana wannan, daren Juma'a ya dawo mana jikinsa a sanyaye. Ya ce, "Kawu, ban ji wanda ya ce don jin daɗi ake sha ba." Wani tsoron benci ne, in ya nuna gajiya koci zai sa wani a gurbinsa. Wani ciwo ne yake ɗauke da shi, babu kuɗin asibiti. Da yawa kuma wuni suke yi suna aikin ƙarfi, dakon siminti, bugun bulo, tuƙin A Daidaita Sahu, su zo fili da yamma a gajiye. A wurin neman abinci suka koyi ƙwayar, ta biyo su filin ƙwallo. Sai kuma dalilin da kusan kowa ya maimaita masa: ai na wancan ɓangaren ma suna sha. Mai jawabin da bai san wannan ba zai tsaya yana zagin 'yan iska, alhali yaran da ke gabansa su ne masu kai cefane gida. Ina ganin kwana ukun nan sun fi shafi 11 ɗin nan amfani.

Muka koma kan 'yan rumfa. Da me za a kama dattawa? Wani daga cikinmu ya ce, "Maradona." Nan take teburi ya ɗauka, don duk wanda ya haura shekara 45 a layin nan yana tuna daren. Ranar 25 ga Yunin 1994 ne, karo na farko da Najeriya ta je gasar cin kofin duniya, a Amurka. Mun cika ƙofar gidan da ke da talabijin, wasu a tabarma, wasu a tsaye. Samson Siasia ya zura wa Ajantina ƙwallo tun ba a kai minti 10 ba, unguwa ta kaure da ihu. Caniggia ya rama biyu kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 2-1. Ana tashi sai ga wata mata cikin fararen kayan asibiti riƙe da hannun Maradona suna fita daga fili, yana murmushi. Wurin gwajin fitsari za ta kai shi. Aka samu sinadarin efedirin a jikinsa, aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15, kuma bai sake buga wa Ajantina wasa ba. Wannan labari namu ne, da mu aka yi shi. Muka ce wa yaron in ya buɗe baki da shi, babu dattijon da zai duba agogo.

Muna cikin haka wani dattijo da ya daɗe shiru ya zaro goro daga aljihu ya ɗaga. Ya ce, "Ɗan nan, to wannan fa? Ni in na ci shi barci yana gudu, jikina ya yi garau. Ni ma ɗan ƙwaya ne ke nan?" Yaron ya ce, "A'a, Baba," sai ya rasa ta cewa. Malamin firamare ya ce to ga irin tambayar da ya wajaba ya amsa tun ba a yi masa ba. Mu ba ma katse mai jawabi. Sai an watse muke kawo sukarmu nan teburin shayi, inda shi ba ya nan balle ya kare kansa. Amsar kuwa tana nan cikin takardunsa, can shafi na 9 inda ba zai taɓa kaiwa ba. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da gahawa, a da ana hukunta ɗan wasa in ya wuce kima a fitsarinsa, amma tun 2004 aka cire shi daga jerin abubuwan da aka haramta. Ma'auni 3 WADA ke dubawa: ko abin yana ƙara ƙwazo, ko yana cutar da lafiyar ɗan wasa, ko ya saɓa wa ruhin gasa ta gaskiya. Sai biyu daga cikin ukun sun haɗu ake duba sa shi a jerin. Dattijon ya ɓare goronsa ya ce, "To ka faɗi haka a fili, don ba ni kaɗai zan raya wannan ba."

Akwai wani tsohon ɗan dambe a layinmu, mahauci, har yau hannun damansa cike yake da tabon tsaga. Shi ma ya ja kunnen yaron. Ya ce, "Ɗana, na ji a takardarka ka haɗa ƙwaya da laya. Cire. Mu a zamaninmu ana tsaga hannu a shafa magani, a naɗe laya cikin zare, a shiga fili da guraye. Har yau 'yan kokawar Nijar masu neman takobi haka suke shiga. In ka taɓo wannan, liman zai ja gefe guda, mu mu ja gefe guda, ka koma raba rigimar da ba ita aka aiko ka ba." Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce laya a damtse take, abokin karawarka yana ganinta, shi ma ga tasa. Ƙwaya kuwa a bayan katanga ake haɗiyarta, don kada wani ya gani. Abin da mutum ke ɓoyewa daga abokin gasarsa, ya san ha'inci ne. Aka yi shawara yaron ya je ya samu liman tun kafin ranar, ya roƙe shi ya faɗi hukuncin ha'inci da na cutar da kai da bakinsa a wurin buɗe taro da addu'a. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba ya yi wa rumfar dattawa wa'azi, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Duk wannan lissafi da muke yi, mun manta da rabin masu sauraro. Mahaifiyar yaron ce ta tuna mana, da ya je gida ya ba ta labari. Ta aiko shi ya gaya mini, "Ka ce wa Yaya, lasifikar da suke ɗaurawa a kan falwaya ba su kaɗai take yi wa magana ba." Gaskiyarta. Filin nan gidaje ne kewaye da shi. Lokacin da ake hutun rabin lokaci, mata suna tsakar gida suna tuƙa tuwon dare, kuma babu kalmar da ke wuce su. Su ne masu wanke jesi su tsinci ɓawon ƙwaya a aljihun wando. Su ne ke lura yaro ya daina cin abinci, ya yawaita susa, ya koma saurin fushi. Da yawa sun gani ba su san mene ne ba, wasu sun sani suna tsoron gaya wa uban. Ga kuma 'yan mata masu awara da gyaɗa da zoɓo a bakin fili, waɗanda samarin nan ke zuwa zance wurinsu. Sanin cewa iyaye mata suna ji ya gyara wa yaron harshe. Allurar gina tsoka tana lalata hanta da zuciya, tana tsayar da tsawon yaron da bai gama girma ba, tana sa wa namiji ƙirji irin na mata, mace kuma ta kaurara mata murya ta fito mata da gemu. Tana kuma yin wata ɓarna da littafinsa ya faɗa da sunayen gaɓoɓi, wadda ba a furtawa a gaban iyaye da surukai. Muka ce kalma 3 sun isa: "yana taɓa haihuwa." Babu uban da ba zai gane ba, babu uwar da ba za ta saki muciya ba, babu saurayin da ba zai kai maganar gida ba.

Su kuwa 'yan wasan kansu, ba zancen hanta da zuciya ne ke kama su ba. Ɗan shekara 18 gani yake ciwo na tsofaffi ne. Abin da ke ransa Turai, ya bi sawun Ahmed Musa da ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Holan a 2010. To ta wannan ƙofar za a shigar masa. A gaya masa labarin André Onana na Kamaru, wanda duk mai zuwa gidan kallo ya sani. A watan Fabrairun 2021, yana tsaron ragar Ajax, aka dakatar da shi shekara guda saboda an samu wani maganin sa fitsari a jikinsa. Ya ce ƙwayar matarsa ya sha bisa kuskure, ya zaci maganin ciwon kai ne. Kotun wasanni ta duniya ta yarda ba da niyyar maguɗi ya sha ba, amma duk da haka sai rage masa ta yi zuwa wata 9. Dokar ke nan: duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko da wani ne ya ba ka. Wanda ya sha da gangan kuwa, shekara 4 ce hukuncinsa, kuma ana iya ajiye fitsarin ɗan wasa har shekara 10 a sake gwadawa. Taramol ɗin nan namu, daga 1 ga Janairun 2024 ya shiga jerin abubuwan da WADA ta haramta lokacin gasa. In suna son misali na gida, ga Blessing Okagbare. Ta ci zagayen farko na tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokiyo a Yulin 2021, washegari aka dakatar da ita saboda sinadarin ƙara girman jiki, daga baya aka yanke mata shekara 10, aka ƙara ta koma 11. Yaron da ya saba ba ya iya minti 90 sai da ƙwaya, ranar da aka kai shi inda ake riƙe wa mutum kwalbar gwaji, a nan tafiyar za ta tsaya.

Abin da ya fi damuna kuwa ba yaran ba ne, mu ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke ihun "Doki!" da "Inji!" in yaro ya yi ta gudu kamar ba jini a jikinsa? Mu. Wa ke shiga fili ya liƙa masa kuɗi a goshi ba tare da ya tambayi kansa daga ina wannan ƙarfin ya zo ba? Mu. Yaro ya ɗaga hannu ya ce a canja shi ya gaji, wa ke ce masa rago, ɗan Hajiya? Mu ɗin dai. Mai kuɗi ya sayi jesi yana son kofi ko ta halin ƙaƙa, koci yana tsoron mai kuɗi, yaro yana tsoron koci. Shi mai sayar da ƙwayar ma a cikin taron zai tsaya, kuma ɗan wani ne da muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Yaron ya ce shi zai iya nuna shi. Muka ce ba a kan makirufo ba. Wannan magana ce ta mai unguwa da hukuma, kuma a kai musu. A gaban taro kuwa, da ka kunyata mutum ɗaya danginsa kaf sun zama abokan gabar jawabinka, sauran jama'a kuma su samu wanda za su ɗora wa laifi su wanke kansu. Hannunka mai sanda ya isa. Muka kuma ce ya bar cewa "ku", ya riƙa cewa "mu", don a filin nan ya tashi, shi ma ya sha yin ihun "Doki!"

Saura mai sauraro ɗaya da ake yawan mantawa da shi, kuma a ganina irinsa sun fi yawa: yaron da ba ya shan komai, da ruwa da ƙosai yake buga ƙwallonsa, ana cinye shi yana shiru. Shi ne mai tunanin ko shi ma ya fara. Don shi muka zaɓi labarin rufewa. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, 'yan Najeriya huɗu, Clement Chukwu, Jude Monye, Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana shan ƙwayoyin ƙara kuzari a lokacin, aka ƙwace zinarensu. Sai a Yulin 2012 aka tabbatar wa Najeriya da zinaren. Sunday Bada ya rasu a Legas a Disambar 2011, yana ɗan shekara 42, wata 7 kafin hukuncin. Shekara 11 ya yi da azurfa a hannu alhali zinare ya ci. Da yaron ya karanta mana wannan, mai shayi ya ce, "Ashe ba kansa kaɗai mai ƙwaya ke cuta ba, haƙƙin wani yake ci."

Jiya da dare ya dawo da shafi 2. Mun auna da agogon waya, minti 7 ne har da gaisuwa. Maradona a farko, goron Baba a tsakiya, Bada a ƙarshe. Kowane rukuni ya ba shi aiki ɗaya da zai iya. Koci ya cika jarkar ruwa a gaban kowa. Uwa in ta tsinci ɓawon ƙwaya ta nuna wa uba, uba kuma ya zaunar da yaro kafin ya ɗaga hannu. Kwamiti ya ware wani abu daga kuɗin gasa don kai mai rauni asibiti. Wanda ƙwaya ta riga ta kama kuma kada ya yi ta fama shi kaɗai, akwai likitocin wannan aiki a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne.

Asabar ne wasan, bayan La'asar. Ku 'yan baya, don Allah ku kashe babura na minti 7 ku saurari yaron nan. In kuma aka dawo zagaye na biyu wani ya ɗaga hannu ya ce ya gaji a canja shi, ku tafa masa har ya kai benci.